Daga Alfarwar Musa zuwa Majami'un Arewacin Togo

Sokode ta zama dayosis ta Katolika a 1955, Dapaong a 1965. A majami'unsu akwai akwati kusa da bagadi, fitila tana ci gefensa dare da rana. Sunansa da Latin, tabernakulum, yana nufin alfarwa, wato tantin ibadar Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa. Attaura ta umarta a kunna fitilar man zaitun cikinta, a jera gurasa 12. A wurin Yahudawa, nan Ubangiji yake saduwa da jama'arsa. Katolika sun gaji sunan da fitilar, amma imaninsu shi ne Almasihu yana cikin tsarkakakkiyar gurasar da akwatin ke ɗauke da ita. Saboda darajarta, Majalisar Lateran ta 1215 ta wajabta kulle ta.