Daga Kilba zuwa Abu: Ina Jarumar Littafin Hausa Take Zuwa?

Duk wanda ya koyar a makarantun Ƙonni, Malbaza ko Illela ya san ƙananan littattafan nan da ƴan mata kan ɓoye a ƙarƙashin tebur. Daga Kano suke fitowa, su biyo ta Sakkwato, su tsallako iyaka tare da atamfa da turare. Mu malamai mun daɗe muna ƙwace su. Kaɗan ne daga cikinmu suka buɗe su don ganin wace irin mace ce ke ciki.

A shekarar 1969, wadda ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya, littafin da ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko-farko da Hausa. Wanda Kolin Koliyo ya ɗauka ya kai sararin samaniya yaro ne, Kilba. Haka Ruwan Bagaja da Ganɗoki na gasar 1933: namiji ke yawon duniya, mace kuwa sai dai a tarar da ita a hanya, ko a samo ta ladan wahala.

Da mata suka karɓi alƙalami, sai alƙibla ta sauya. A So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda aka buga a 1980, Boɗaɗo ƴar Fulani ce ta zaɓi mijinta da kanta, ta tsaya a kan bakanta gaban dangi. Amma a ganina Balaraba Ramat Yakubu ce ta kai abin maƙura. Ita kanta an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana yarinya. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, an raba Abu da karatu, aka ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma. Ta gudu zuwa Kano, ta koma makaranta, ta zama ma'aikaciyar jinya, har wanda ya taɓa raina ta don jahilci ya dawo yana nema. Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, da miji ya kore ta da ƴaƴa tara, tukunyar abincin sayarwa ce ta riƙe ta. Soyayya tana nan a littattafan, amma ba ita ke ceton jarumar ba; takardar shaida da sana'a ke yi.

Ba kowane littafi ya kai wannan matsayi ba. Da yawa sun tsaya ga fara doguwa mai gashi har gadon baya, mai jiran Alhaji da mota. Wannan ne ya bai wa masu suka hujja, har a 2007 aka ƙona littattafai a Kano da sunan gyaran tarbiyya, ba a tsaya tsince tsakuwa daga shinkafa ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne inda tsofaffin hanyoyin biyu suka haɗu. Nnedi Okorafor, marubuciya ƴar asalin Najeriya da ke Amurka, ta kafa The Shadow Speaker a Nijar ta shekarar 2070, jarumarsa kuma yarinya ce, Ejii. A Binti na 2015 kuwa, yarinya ta sulale daga gida da dare ba da yardar iyaye ba, ta shiga kumbo. Ina za ta? Jami'a, a wata duniyar can nesa. Ta bi hanyar Kilba, amma buƙatar da ta fitar da ita daga gida irin ta Abu ce.