Sayen gidan haya a Najeriya: takardu, kuɗin saye da dokar tashin ɗan haya

Gidan haya na cikin kadarorin da 'yan Najeriya suka fi amincewa su zuba dukiyarsu, musamman ma'aikatan da ke gab da ritaya da 'yan kasuwar da ke gudun faɗuwar darajar Naira. Sai dai ribarsa ta dogara ne a kan ingancin takardunsa da kuma inda kuɗin sayensa ya fito.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, a Abuja kuwa ministan Babban Birnin Tarayya ne ke aiwatar da wannan iko. Abin da mai gida ke riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, wanda takardar shaidar mallaka ta C of O ke tabbatarwa. Sayar da irin wannan gida ko jinginar da shi ba ya cika a gaban doka sai da amincewar gwamna. Shi ya sa lauyoyi ke fara duba fayil a hukumomin filaye irin su AGIS a Abuja, KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna, don gano ko gidan na jingine a banki. Gidan gado ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin magaji ɗaya da bai amince ba na iya kai cinikin kotu bayan shekaru.

A batun kuɗi ne lissafi ya fi kuɓuce wa masu saye. Alal misali, gidan da aka saya Naira miliyan 50 ana karɓar hayar miliyan uku a shekara, kashi shida cikin 100 yake mayarwa, tun ba a cire la'adar dillali, haraji, gyaran rufi da watannin da zai zauna babu kowa ba. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sukan ɗora nasu. Haya ba ta biyan bashi mai irin wannan tsada. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, yana ba da rance a kan kashi shida har zuwa shekara 30, amma domin gidan da mai asusun zai zauna ne. Masu gudun riba kan nufi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, inda ake amfani da tsarin ijara.

Bayan saye, rubutacciyar yarjejeniya ce ke kare mai gida. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwannin jihar. A Legas da Abuja, idan yarjejeniya ba ta tanadi wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata na da notis na wata ɗaya, mai biyan shekara kuma wata shida. Daga nan sai notis na kwana bakwai, sannan a shigar da ƙara. Cire ƙofa, yanke ruwa ko fitar da kaya ba tare da umarnin kotu ba na iya sa mai gida ya biya ɗan hayar diyya, ko da yana bin sa bashin haya.