Tsawon Tiyon Shaƙa a Kayan Nutso: Nazari Domin Fataken Hausawa na Kasuwar Canaan a Guangzhou

Tsakure

Wannan maƙala ta duba mas'alar tsawon tiyon da ke kai iska daga tukunya zuwa bakin mai nutso don nishaɗi, ta kwatanta tsare-tsare uku da ma'abuta wannan fanni suka sani, sa'an nan ta auna su da halin falken da aka wakilta ya sayo kayan daga Guangzhou. Abin da binciken ya tabbatar shi ne, hukuncin tsawon tiyo yana rataye ne a kan hanyar da mai nutso ya koya ta ba ɗan'uwansa iska idan tasa ta ƙare.

1.0 Gabatarwa

Kasuwar Canaan, wadda ke unguwar Sanyuanli a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ta shahara ne da tufafi, kuma ita da unguwar Xiaobei su ne matattarar fataken Afirka, waɗanda Adams Bodomo a shekarar 2012, da Gordon Mathews da abokan aikinsa a 2017, suka yi bayanin rayuwarsu da cinikinsu. To, da yake al'adar fatauci ce a ɗora wa mai tafiya saƙon abin da ba sana'arsa ba, ba abin mamaki ba ne falken da ya je saro wa Kantin Kwari kaya a roƙe shi ya biya masana'antun lardin Guangdong, ko baje kolin Canton da ake yi tun 1957, ya sayo kayan nutso. A nan ne haɗarin yake, domin wanda ya saba awon shadda da yadi yana iya zaton tiyo ma iyakar tsawonsa iyakar ribarsa, alhali kuwa lamarin ba haka yake ba. Hanyar da aka bi a binciken ita ce kwatanta ƙa'idojin ƙira da koyarwar ƙungiyoyin horar da masu nutso.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Tun da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urarsu a Faransa a 1943, asalin hikimar bai sauya ba, ko da yake siffar nan mai tiyo ɗaya da aka fi amfani da ita yanzu ta samo tushe ne daga aikin Ted Eldred na Ostireliya a farkon shekarun 1950. Iskar da ke cikin tukunya tana da matsi kamar bar 200. Kashi na farko na na'urar shaƙar, wato regileta, wanda ke ɗaure a kan tukunyar, yakan rage shi zuwa wajen bar 9 ko 10 sama da matsin ruwan da ke kewaye, sa'an nan tiyo ya ɗauki iskar zuwa kashi na biyu da ke baki, shi kuma ya daidaita ta da zurfin da ake ciki. Saboda iskar da ke cikin tiyon tana tafe da wannan ƙarfi, ƙarin mita ɗaya ba ya jawo ƙuncin numfashi da za a ji a zurfin nishaɗi, wanda iyakarsa mita 40 ce. Ke nan ba a zaɓar tsawo don sauƙin shaƙa. Dalilinsa yana wani wuri dabam.

3.0 Tsare-tsare Uku

Tsari na farko, wanda shi ne mashhuri a makarantun nutso irin na PADI, kuma shi matafiyi zai fi tararwa a wuraren hayar kaya kamar Sanya ta tsibirin Hainan ko gaɓar Bahar Maliya, ya ƙunshi tiyon baki mai santimita 71 zuwa 81 da ke zuwa ta kafaɗar dama, da kuma na ko-ta-kwana, galibi rawaya, mai santimita 91 zuwa 102, wanda ake maƙalawa a ƙirji, shi ake miƙa wa wanda iskarsa ta ƙare. Fa'idarsa ita ce kowa ya san shi. Aibinsa kuwa, na'urar da aka maƙale tana iya kwancewa ta ja yashi ba a sani ba, sai ranar bukata a same ta a toshe.

Tsari na biyu ya fito ne daga masu shiga kogunan ƙarƙashin ƙasa a Fulorida ta Amurka, aka jingina shi ga Bill Hogarth Main, kuma ƙungiyar GUE da Jarrod Jablonski ya kafa a 1998 ta yaɗa shi. A nan tiyon baki ƙafa 7 ne, wato kamar santimita 210, ko ƙafa 5 ga wanda ba ya shiga wuri rufaffe; yana sauka ta gefen dama, ya ratsa ƙirji, ya zagaya bayan wuya ya iso baki, na biyun kuma gajere ne, santimita 56 zuwa 61, a rataye da roba ƙarƙashin haɓa. Mai wannan tsari na bakinsa yake bayarwa, bisa hujjar cewa shi ne wanda aka tabbata yana aiki a wannan daƙiƙa, tsawonsa kuma yana ba mutum biyu damar bin juna a matsattsen wuri. Sai dai wanda bai sami horo ba, ko rigarsa ba ta da inda ake cusa rarar tiyon, zai ga yana maƙalewa a duwatsu da igiyoyi.

Na ukun matsakaici ne: tiyon baki kamar mita ɗaya da ke bi ta ƙarƙashin hammata, da na biyu a wuya. Ya ɗauki hujjar tsari na biyu ba tare da nauyin sarrafa dogon tiyo ba.

A ruwayenmu irin na Tiga da Kainji, inda damina ke gurɓata ruwa har mutum ba ya ganin nesa, kusanci tsakanin mai ba da iska da mai karɓa ba aibi ba ne, domin riƙe wanda ya firgita ya fi ba shi tazarar da zai ɓace wa ido. Saboda haka dogon tiyo ba shi da fifiko muɗlaƙan.

4.0 Abin da Ya Hau Kan Wakili

Bayan tsawo, akwai sharuɗɗa uku. Na ɗaya, haƙoran murɗawa: na tiyon shaƙa inci 3/8 ne, na tiyon agogon matsi 7/16, an bambanta su ne don kada a haɗa tiyo mai rauni da cikakken matsin tukunya. Na biyu, shaidar ƙa'idar Turai ta EN 250, wadda ke jarraba regileta a zurfin mita 50, da harafin A da aka ƙara a 2014 ga wadda mutum biyu za su shaƙa tare. Na uku, abin da aka shafe cikin tiyon da shi, domin ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta yi gargaɗi cewa waɗansu tiyo masu saƙaƙƙen baya, waɗanda cikinsu na robar foliyesta ne, sukan marmashe a wuri mai zafi da laima har su toshe hanyar iska, alhali bayansu na nan lafiya. Duk wanda ya san zafin cikin kwantena da na watan Afrilu a Kano ya san wannan gargaɗi da mu yake.

A fiƙihun Malikiyya wakili amintacce ne, ba ya lamunin abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare umarni, kuma malaman usulu kamar Imamu Gazali da Shaɗibi sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar na shari'a. Bisa ga haka, falken da aka ce ya sayo tiyo mai santimita 100 ya sayo mai 210 don ya same shi da araha, ya fita daga haddin wakilcinsa, ko da niyyarsa kyautatawa ce.

5.0 Kammalawa

Binciken ya nuna cewa kowane tsawo daidai ne a tsarinsa, kuskure ne a tsarin da ba nasa ba. Shawarar maƙalar ita ce, kada wakili ya biya kuɗi sai mai saƙo ya rubuta masa wace na'ura yake bayarwa lokacin larura, a wane irin ruwa zai shiga, da tsawon da malaminsa ya horar da shi a kai, da santimita. Abokan nutso biyu kuma su daidaita tsarinsu, su gwada musayar iska a ruwa marar zurfi kafin su dogara da sabon kayan.