Tarihin Koyar da Jiyyar Tono Zuci a Makarantun Kirista: Daga Turai zuwa Togo

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Akwai hanyar jiyya da aka gina a kan fahimtar cewa wani labarin ko mai zuciyar bai san da shi ba. Masu wannan hanya suna ganin abin da ya faru da mutum tun yana yaro yakan kwanta a zuciyarsa, daga baya ya fito a matsayin tsoro ko fushi ko baƙin ciki. Wannan takarda za ta bi tarihin yadda malaman Kirista suka karɓi hanyar suna koyar da ita, da yadda ta iso Afirka ta Yamma.

2.0 Asalin Saɓani

Sigmund Freud, likitan birnin Biyana da ya rasu a 1939, shi ne ya kafa tushen hanyar. Bai yarda da addini ba, har ya wallafa littafi a 1927 inda ya kira shi ruɗu. Saboda haka majami'u da yawa suka guje shi. Sai dai wani fasto na birnin Zurik, Oskar Pfister, ya yi abota da shi tun 1909, ya kuma rubuta masa raddi a 1928. Matsayin Pfister shi ne, a iya ɗaukar dabarar sauraro a bar rashin imanin mai ita.

3.0 Shigarta Aji

A 1925 Anton Boisen, faston da shi kansa ya taɓa fama da taɓin hankali, ya fara kai ɗaliban tauhidi asibitin Worcester a Amurka domin su zauna da majiyyata. A 1965 kwalejin Fuller da ke Kalifoniya ta buɗe sashen ilimin halayyar ɗan'adam. Abubuwa uku ake nanata wa ɗalibi. Na farko, ya saurara kafin ya yi wa'azi. Na biyu, ya gane cewa majiyyaci yakan ɗora masa fushi ko ƙaunar da asalinsu na mahaifinsa ne. Na uku, ya binciki tasa zuciyar a gaban malami, don kada ya ɗauki rauninsa a matsayin nasiha.

4.0 Afirka ta Yamma da Togo

Da hanyar ta iso Afirka, sai aka ga majiyyaci ba ya zuwa shi kaɗai. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye majiyyata tare da danginsu a ƙauyen Aro, kusa da Abekuta. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb ya riƙa tara majiyyata da iyalansu a dandali suna tattaunawa. A can ne Marie-Cécile da Edmond Ortigues suka nuna, a 1966, cewa kishin da Freud ya danganta da uba yakan koma kan 'yan'uwa da tsara.

A Togo, babban asibitin masu taɓin hankali yana Zebe kusa da Aneho, can bakin teku, nesa da Pagala da Sokode da Dapaong. Iyalai da dama sukan fara kai mara lafiya wurin mai magani ko malami ko sansanin addu'a, inda a wasu wuraren ake ɗaure shi da sarƙa. Ƙungiyar Saint Camille ta Grégoire Ahongbonon, wadda ta fara aiki a Buwake ta Kodibuwa, tana yaƙi da wannan ɗauri, kuma tana da cibiya a Sokode. A Dapaong ma sistocin Katolika suna kula da irin waɗannan majiyyata, Kirista da Musulmi da masu addinin gargajiya.

5.0 Kammalawa

Tarihin ya nuna cewa abin da malaman Kirista suka fi amfana da shi daga Freud shi ne haƙurin sauraro. Ɗalibin da bai koye shi ba yana iya ce wa mai ciwo zunubinsa ne ya kama shi, ya ƙara masa nauyi. Wanda ya koya zai bambance mai bukatar addu'a da mai bukatar a saurare shi da wanda ya kamata a tura wa likita.