Kan Sarki a Matsayin Shaida: Su Wa Suka Ƙera Fim ɗin Indiya da Hausawa Suka So? Nazari daga Ƙasar Bagudo

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki jerin kan sarkin tunawa da Hukumar Gidan Waya ta Indiya ta buga don girmama ma'abota sana'ar fim tun daga 1971 har zuwa 2016, ta auna shi da abin da Hausawa masu kallo suka riƙe a zukatansu, musamman a ƙasar Bagudo da ke kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Abin da ta tabbatar shi ne, kaso mai yawa na abin da kunnen Bahaushe ya ɗauka daga tsofaffin fina-finan Bombai aikin mawaƙa da makaɗa Musulmi ne, magada adabin Urdu, kuma bahasin da ya gabata bai ba wannan hujja haƙƙinta ba.

Gabatarwa

Mas'alar da ta daɗe tana jawo jayayya tsakanin manazarta da masu wa'azi ita ce, me ya sa al'ummar da ta kafu a kan tauhidi, wadda malamanta suka yi ƙarnuka suna tsawatarwa a kan duk abin da ke da ƙanshin shirka, ta rungumi fina-finan ƙasar da galibin mutanenta mabiya addinin Hindu ne, har soyayyar ta wuce gidajen silima na Kano da Sakkwato ta kai ƙauyukan bakin kogin Kwara. Wanda duk ya tsaya a Tsamiya, inda hanya ke ƙetarawa zuwa Segbana a ƙasar Benin, ko ya zaga Lolo da Illo da Ka'oje ranar kasuwa, zai ga Indiya ta riga shi zuwa ta fuska uku: ga babur ɗin Bajaj da 'yan kabukabu ke ɗora wa buhuna, ga shinkafar da ake sauke wa a Kwatano wadda da yawanta daga Indiya take, ga kuma rumfar mai cajin waya, inda yaro zai miƙa ɗan mimorinsa a tura masa fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa. Biyun farko ciniki ne, ba su bukatar tawili. Na ukun shi ne abin bahasi.

Bitar ayyukan magabata

Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 a mujallar Africa, da kuma littafinsa Signal and Noise na 2008, ya kafa ra'ayin da ya zama kamar ijma'i a wannan fage, wato cewa Bahaushe ya ga a fim ɗin Indiya wani irin zamananci da ba na Turawa ba, inda saurayi da budurwa ke fama tsakanin son zuciyarsu da biyayyar iyaye, kamar dai yadda littattafan soyayya na Kano suka zo suna bayyanawa. Babu mai musun cewa wannan fahimta ta buɗe ƙofa. Amma fa tana da gibi biyu waɗanda ba ƙanana ba. Na farko, ta ginu ne a kan birnin Kano, garin da ya san silima tun zamanin Rex a 1937, inda 'yan kasuwar Labanon suka riƙa shigo da faifan fim, alhali kuwa mutumin Zagga ko Bani bai san fim ta wannan ƙofa ba, sai da kaset ɗin bidiyo ya zo, sa'an nan faifan CD, sa'an nan waya. Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi, ta ɗauki Indiya tamkar dunƙule guda, wata al'umma ce can da ta yi kama da mu, ba ta tsaya ta tambayi sunayen waɗanda suka rubuta baitocin, suka ɗora musu karin sauti, suka rera su ba. Gama da an yi wannan tambaya, da an tarar cewa kamar da ake magana a kanta tana da asali sananne a tarihi, ba dacen ɗabi'a ba ce kawai.

Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin yadda fina-finan Hausa suka ari labarai da waƙoƙi daga Indiya, kuma ba ni da jayayya da shi a nan.

Hanyar bincike

An ɗauki kan sarkin da hukumar Indiya ta buga da kanta kaɗai, aka jera sunayen da ke kai, aka kwatanta su da sunayen da ke yawo a bakin masu kallo da waɗanda manazarta suka riga suka rubuta. An jingine kan sarkin da ke ɗauke da sunayen wasu ƙasashen Afirka da hotunan taurarin ƙetare, domin yawancinsu kamfanonin waje ne ke buga su don masu tarawa, kuma Benin kanta tana cikin ƙasashen da suka kai kuka ga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya game da jabu da aka buga da sunansu.

Inda jerin biyu suka rabu

Indiya ta fara da Dadasaheb Phalke a 1971, mutumin da aka nuna fim ɗinsa Raja Harishchandra a Bombai ranar 3 ga Mayu, 1913, sa'an nan aka bi da ɗaiɗaiku irin su Satyajit Ray a 1994, da Raj Kapoor a 2001, da Guru Dutt a 2004, har ranar 3 ga Mayu, 2013, da aka cika shekara ɗari, aka fitar da kan sarki 50 a tashi guda, kowanne a kan kuɗin Indiya rufi 5. Ƙa'idar hukumar ita ce a jira shekara goma bayan rasuwar mutum, ko da yake an sassauta ta a wannan karo, tun da Rajesh Khanna da Yash Chopra, waɗanda suka rasu a 2012, sun shiga. Shi kuwa Bahaushe ba ya jiran mutuwa kafin ya girmama, kuma kan sarkinsa laƙabi ne: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, Amrish Puri kuwa sunan da ya ci a fim ɗin Mr. India na 1987 ya bi shi har kabari. Babu Amrish Puri a cikin hamsin ɗin nan, babu Amjad Khan na Sholay, alhali bos a wurin ɗan kallo bai gaza jarumi daraja ba. Wannan bambanci gaskiya ne, amma a fili yake, ba sai an daɗe a kansa ba.

Inda suka haɗu

Wurin da ya cancanci a zauna shi ne fim ɗin Mother India na 1957, wanda Larkin da kansa ya shaida cewa an shekara da shekaru ana maimaita shi a Kano mutane na cika silima, kuma har yau dattawa a wannan yanki namu idan aka ambaci tsohon fim ɗin Indiya shi ne kan fara zuwa bakinsu. Idan aka buɗe jerin kan sarki aka nemi waɗanda suka yi wannan aiki, sai a tarar da abin mamaki, domin hukumar, ba tare da ta yi nufin tara su wuri ɗaya ba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya cikin shekara ashirin da uku: Nargis, wadda ta fito a matsayin uwar, a 1993, Mohammed Rafi, ɗaya daga cikin masu rerawa, a 2003, Mehboob Khan, mai ba da umarni, a 2007, Naushad Ali mai kiɗa, da Shakeel Badayuni mai baitoci, da Rajendra Kumar wanda ya fito a ɗan kirki, duka a 2013, sa'an nan Shamshad Begum da Manna Dey a jerin mawaƙa na 2016. Cikin mutum takwas ɗin nan, shida Musulmi ne ta haihuwa, kuma ita Nargis sunanta na yanka Fatima Rashid, ita ce kuwa ta haifi wannan Ɗan Daba Mai Lasin da samarinmu suka yi wa kirari, wato ke nan jerin hukuma da jerin kasuwa sun haɗu a ɗaki guda.

Al'amarin bai tsaya ga fim ɗaya ba. Madhubala, wadda aka buga hotonta a 2008, sunanta Mumtaz Jehan. Meena Kumari ta jerin 2011 Mahjabeen Bano ce. Sahir Ludhianvi, wanda ya sami nasa kan sarki shi kaɗai a watan Maris na 2013, Abdul Hayee ne. Ga Majrooh Sultanpuri, ga Kamal Amrohi, ga Suraiya, ga Mehmood, ga Talat Mahmood. Sunayen sana'a da wasunsu suka ɗauka sun lulluɓe asalinsu ga mai kallo daga nesa, har masu wa'azinmu suka yi musu kuɗin goro. Ba addininsu na ƙashin kansu ne hujjata ba, domin wannan tsakaninsu da Mahaliccinsu ne. Hujjata ita ce makarantar da suka fito daga cikinta. Shakeel da Majrooh da Sahir mawaƙan Urdu ne tun kafin su shiga fim, sun saba da majalisun da ake karanta waƙa a gaban jama'a, kuma salon gazal da suka ƙware a kansa tsatsonsa na komawa ga ƙasidar Larabci ta hanyar Farisanci, kamar yadda ƙawwali ya tashi a zawiyoyin ɗariƙar Cishtiyya, ana jingina kafuwarsa ga Amir Khusrau, almajirin Shehu Nizamuddin Auliya na Delhi, wanda ya rasu a 1325. To, ƙasar Bagudo a ƙarƙashin masarautar Gwandu take, gadon Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda shi kansa ƙasidu ya bari na Larabci masu awo da amsa-amo. Kunnen da aka rena da Ishiriniya da waƙoƙin bege, idan ya ji baiti mai ma'auni, mai maimaita ƙafiya, mai kukan rabuwa da abin ƙauna, cike da kalmomin da ya sani daga allo irin su duniya da haƙƙi da niyya, ba sai an fassara masa ba zai ji cewa yana da dangantaka da shi, kamar yadda mutum kan gane ɗan uwansa a kasuwar da bai taɓa ci ba.

Da wannan ne kuma za a fahimci lamarin da ya ɗaure wa wasu kai, wato mawaƙan bandiri na Kano, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya da Larkin ya yi rubutu a kanta a 2004, waɗanda suka ɗauki karin waƙoƙin fim suka zuba musu yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. An kira wannan aro, har ma sata daga wani addini. Ni kuwa ina ganin sau da yawa mayar da kaya ne gidansu, gama a fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960 akwai waƙar neman ceto ga Annabi wadda Shakeel ya rubuta, Naushad ya yi mata kiɗa, Madhubala ta fito da ita tana cikin sarƙa a kurkuku.

Sai labarin kansa, wanda a nan ne ƙauye ya fi birni ganewa. Mother India ba labarin saurayi da budurwa ba ne. Labarin rancen rufi 500 ne da aka ci don hidimar biki, wanda mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, ya mayar da shi hujjar karɓar kashi uku cikin huɗu na amfanin gona shekara bayan shekara, sa'an nan mai gida ya rasa hannuwansa a wajen aikin gona ya bar gari, ambaliya ta zo ta share abin da ya rage, uwa ta ja garma da wuyanta. Manomin shinkafa a fadamun Kwara, wanda ya san bashin da ake ci da damina a biya da buhu bayan girbi, wanda kuma ya ga ruwa ya haɗiye gonakin Kebbi a 2012 da 2020, ba ya bukatar nazariyyar zamananci kafin ya gane abin da ake nuna masa. Abin da ya gani shi ne sharrin riba, da haƙuri, da mace mai tsare mutuncinta ko da yunwa ta kai maƙura.

Iyakar bincike

Dole a faɗi, ko ba a so, cewa mafi yawan waɗanda aka buga hotunansu ba Musulmi ba ne, cewa Mukesh da Kishore Kumar da Lata Mangeshkar sun shiga zukatan Hausawa babu wata silsilar Urdu ta gida, kuma su Naushad da Shakeel da Rafi ɗin nan su ne suka yi shahararriyar waƙar bautar Hindu a fim ɗin Baiju Bawra na 1952. Haka kuma jerin kan sarki zaɓin hukuma ne, ba ƙidayar jama'a ba, kuma yaron da ke kallon fim ɗin kudancin Indiya da aka fassara a wayarsa yau wani babi ne dabam. Duk wannan yana taƙaita hujjar ga zamanin 1950 zuwa 1970 da 'yan kai, bai rushe ta ba.

Kammalawa

Bayanin da ya tsaya ga cewa al'adar Indiya ta yi kama da ta Hausa bayani ne nakasasshe, kuma hukuncin da ya ce duk abin da ya fito daga Bombai kayan gumaka ne hukunci ne da aka yanke ba a saurari shaidu ba. Duk mai son ci gaba da wannan bahasi, daga Birnin Kebbi yake ko daga Kano, ya fara da sunayen marubuta baiti da makaɗa kafin sunayen jarumai.