Kuskure daban, maguɗi daban: daga teburin karta zuwa Matan Fada

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Duk wanda ya taɓa zama majalisar karta a nan Badariya ya san dokar wot: in saura kati ɗaya a hannunka ka manta ba ka sanar ba, sai ka je kasuwa ka ƙaro. Ba mai korarka. Amma ranar da aka kama ka da kati ɓoye ƙarƙashin cinya, to ka tashi kawai.

Wannan bambanci, wasu sun zauna sun rubuta shi. A 1993 aka fito da wasan kati mai suna Magic: The Gathering a Amurka, kuma da ya zama gasa mai kuɗi sai aka yi wa alƙalansa kundin hukunci hawa-hawa: gargaɗi, faɗuwa a wasa ɗaya, faɗuwa a karawar duka, sannan kora daga gasa. Wanda ya yi kuskure, gargaɗi ne, a rubuta, a gyara wasan in zai gyaru. In ya yi ta maimaitawa, hukuncin ya hau. Kafin a kira mutum mai maguɗi kuwa, sai abu uku sun haɗu: ya karya doka, ya san karyawa yake, kuma riba yake nema.

To mu dawo gida. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, bayan tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Dokar gasar a fili take: ba mai shiga Matan Fada sai an ba da alama, kayan aiki homa da gora, wanda ya fito da mafi nauyi shi ne zakara.

A 2008 aka gwada wannan doka. Wani ya fito da kifi mai kusan kilo 66, aka ba shi na ɗaya. Sauran masunta suka ce a'a, ba su yarda ba. Da aka bincika, sai masu shirya bikin suka ce kifin ya mutu tun kafin gasar, shigo da shi aka yi. Aka karɓe kambun, aka kama mutumin. Ku lura fa: ba a ce “ai an riga an sanar, a bar shi” ba. Masunta ne suka yi ƙorafi, kuma aka saurare su. Bayan shekara takwas, a 2016, UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake tattalinsu.

Me ya sa na kawo wannan? Saboda a gasar ƙwallon unguwa da zaɓen ƙungiyoyinmu na matasa, juyawa muke yi. Yaron da ya yi kuskuren cike takarda a kore shi, mai uwa a gindin murhu ya sa ɗan wasan haya a ce a yi haƙuri. Daga nan faɗa ke tashi.

Kafin gasa ta gaba, mu rubuta hukuncin kowane laifi, a karanta wa kowa tun ba a busa usur ba. Ku faɗa mana yadda ake yi a unguwarku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.