An Rufe Masana'anta, Kayan Gyara Ba Su Yanke Ba

A watan Oktoba na 1980 aka rufe masana'antar MG da ke Abingdon, kusa da Oxford a Ingila, bayan ta ƙera MGB sama da 500,000 tun daga 1962. A shekarar ce kuma aka daina ƙera Triumph Spitfire. Manyanmu a sana'ar gyaran tsofaffin motoci sukan ce a lokacin ba wanda ya ɗauki motocin a bakin komai. Samari ke saye da araha, su hau har su ruɓe.

Ruɓewar kuwa ita ce ciwon. Injin MGB mai cc 1798 ba ya saurin gajiya, kuma British Leyland ta sa irinsa a Morris Marina, saboda haka ko a bolar motoci ana samunsa. Bodi ne matsalar. MGB ba ta da shasi na daban. Ƙarfinta yana cikin dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, falle a kan falle. Da sanyi ana barbaɗa gishiri a titunan Ingila saboda ƙanƙara, ruwan gishirin ya kutsa tsakanin fallayen, tsatsa ta ci daga ciki. Sai ka ga fenti na sheƙi, amma da an ɗaga motar a jak, ƙofa ta ƙi rufuwa. Masu ha'inci kan toshe ramin da jarida su shafe da fila, shi ya sa har yau ba ma zuwa duba mota sai da maganaɗisu a aljihu.

Neman kaya a wancan zamani yawo ne. Ko a bi tsofaffin dillalai a kwashe abin da ya rage a kantocinsu, ko a jira kasuwar tsofaffin kayan mota ta Beaulieu, wadda aka fara a 1967, a yini ana tonon akwatuna. Ƙungiyar MG Owners' Club, da aka kafa a 1973, ita ma ta shiga sayar wa 'ya'yanta kaya. Amurka kuwa, inda akasarin motocin suka tafi, ta riga kowa: tun 1948 Al Moss ya buɗe shagonsa a Los Angeles. Da farashi ya tashi a ƙarshen shekarun 1980, sai aka riƙa dawo da motocin California zuwa Ingila, don ƙasar da ba a zuba gishiri ba ta cin ƙarfe. A mayar musu da sitiyari dama, a sayar.

Abin da ya juya sana'ar shi ne 1988, lokacin da British Motor Heritage ta tattaro ainihin ƙarafan da aka buga bodin MGB da su tun farko, ta soma buga sabon bodi sukutum a Faringdon. Aikin walda na watanni ya koma kwance inji da giya da kujeru a ɗaura wa sabon jiki. Har yau ana gardama ko motar da aka yi wa haka ita ce dai ta da. Ni ina ganin gara a gan ta a titi da a gan ta a bola. Kamfanin Rover ma da wannan bodin ya fito da MG RV8 a 1992.

Fetur ya kawo nasa aikin. Da aka daina sayar da fetur mai dalma a 2000, sai da muka riƙa kwance kan silinda ana sa wa bawul mazauni mai tauri. A 2021 aka kawo fetur na E10, wanda ke cin tsohon tiyon roba. Tsofaffin MG irin su TC kuwa suna da nasu halin: zaren notin injin na Faransa ne, kansa kuma sai sifanar Whitworth, gadon injinan masana'antar Hotchkiss ta Coventry da Morris, mai ƙera wa MG inji, ya saya. Bakaniken da bai san haka ba zai lalata zare.

Yau kusan komai na MGB ana samunsa sabo, har kafireta ta SU, wadda Burlen ke ƙerawa a Salisbury. Sai dai yawan kaya bai zo da inganci ba. Akwai kwandansa da ke mutuwa cikin mako, da roba da ke tsagewa motar ba ta bar gareji ba, da ƙarfen bodi da sai fanalbita ya yini a kansa kafin ya zauna. Laifin ba na masu ƙerawa kaɗai ba ne, domin mai saye mafi araha yake nema. Masu iya daidaita kafireta biyu da kunne kuma tsufa suke yi, yaran gareji ba su da yawa.

Idan ka kwance tsohon ƙarfe na asali, kada ka jefar don ka ga sabo a kwali. Gyara shi, ko ka ajiye har sabon ya yi shekara yana aiki.